Daga Idon Matafiyi Zuwa Daɓen Ɗaki: Yadda Ake Zaɓen Launi da Shimfiɗa Tayil da Dutse

Duk wanda ya taɓa yin ɗawafi da tsakar rana ya san wannan: rana tana dukan ka a ka, amma farin dutsen da kake takawa bai ƙona maka tafin ƙafa ba. Marmara ne da ake haƙowa a tsibirin Tasos na ƙasar Girka, farinsa yana mayar da hasken rana maimakon ya shanye shi. Ba abin mamaki ba ne mutum ya dawo da sha'awar farin daɓe mai ƙyalli, ya sa a falonsa, sai bayan wata biyu ya gane cewa fari a ɗakin da yara ke shige da fice wani aiki ne mai zaman kansa. A can ma'aikata ne ke wanke shi dare da rana, a gida kuwa kai ne da tsintsiyarka.

Launin da ya burge ka a hanya ya burge ka ne a cikin haskensa, da faɗinsa, da abin da ke kewaye da shi. In ka ɗauko launin shi kaɗai ka baro waɗannan, abin da za ka gani a ɗakinka ba shi ka gano ba. Don haka aikin yana farawa tun kana can.

Yadda ake kallo a hanya

Kada ka yarda da hoton waya ɗari bisa ɗari. Waya tana gyara launi da kanta, ta ƙara wa wani kaifi, ta wanke wani. Idan bango ya ja hankalinka, ɗauke shi da hantsi, ka sake ɗauka da la'asar in hali ya yi, kuma ka riƙe farar takarda a gefen hoton. Ran da ka dawo, in ka ga takardar ta koma ruwan ɗorawa ko ta yi shuɗi-shuɗi, ka san iya ƙaryar da hoton ya yi. Ɗauki ɗaya daga nesa don ganin tsarin gaba ɗaya, ɗaya kuma daf da bangon don ganin fuskarsa: santsi ne ko kaushi, yana ƙyalli ko a dushe yake.

Sannan ka tsaya ka ƙirga. Wannan shi ne abin da mafi yawan matafiya ba sa yi. Wane launi ne ya fi yawa a wurin, wane ne ke biye da shi, wane ne ɗan kaɗan amma shi ido ke fara kamawa? Rubuta su uku a waya ko a ɗan littafi, da kimanin kason kowanne.

Idan ka yi haka za ka sha mamaki. Masallacin Sultan Ahmad na Istanbul, wanda aka fara ginawa a 1609, duniya ta san shi da shuɗin masallaci saboda tayil ɗin garin Iznik sama da 20,000 da ke jikin bangonsa. Amma matsa kusa ka ga: ƙasan tayil ɗin fari ne, shuɗin zane ne a kansa, ga kore ga ɗigon ja. Farin ne ke ba shuɗin wurin numfashi. Haka birnin Jaifur na Indiya da ake wa laƙabi da birni mai ruwan hoda, tun da aka shafe shi da wannan launi a 1876 don tarbar yariman Ingila. Wanda ya je ya san launin ya fi kusa da jar ƙasa da aka gasa, kuma fararen layukan da ke zagaye da tagogi su ne ke fito da shi. Garin Shafshawan na Maroko kuwa ba shuɗi ɗaya ba ne. Kowane lungu da irin nasa, wani ya koɗe wani sabo, kuma duk a dushe suke, babu ƙyalli. Wanda ya sayo tayil shuɗi mai sheƙi iri ɗaya ya lulluɓe banɗaki da shi don ya kwaikwayi Shafshawan, wurin wanka na otal zai samu.

Ni a ganina babu makarantar da ta kai tsofaffin makarantun birnin Fas koyar da rabon launi. Shiga ta Aɗɗarin, wadda aka gina a ƙarni na 14. Ƙasan bango, har zuwa wajen ƙirjin mutum, an yi masa ado da ƙananan gutsattsarin tayil masu launi da ake kira zallij, waɗanda ake sassaƙawa da hannu ɗaya bayan ɗaya. Daga nan sai farar filasta mai zane, can sama kuma katako mai duhu. Launi mai ƙarfi an ba shi iyakarsa, bai hau ko'ina ba. Irin wannan tsari za ka tarar a fadar Alhamra da ke Garnaɗa a Sifen.

Kuma ba sai gini ba. Duwatsun Betra a Jodan suna da jijiyoyin ja da ruwan zuma da shunayya a jere. Tsohuwar ƙofa da fentinta ya ɓaɓɓare, bakin teku bayan ruwan sama, tarin yadi a shago, duk suna ba da haɗin da ba za ka samu a littafin masu fenti ba. In za ka taho da wani abu, sayi tayil guda ɗaya, ko ƙyalle, ko ɗan kwano mai launin. Abin da hannu ke riƙewa ya fi hoto gaskiya. Sai dai kada ka tsinci dutse ko gutsuren tayil a wurin tarihi. A ƙasashe da yawa laifi ne, kuma a filin jirgi ake kama mutum.

Kawo shi gida

Masu ƙawata ɗaki suna da wani ma'auni da suke yawan farawa da shi: kashi 60 na babban launi, 30 na mai biye, 10 na mai jan ido. Ba doka ba ce, amma tana hana ɓarna. Abin da zan ƙara shi ne wannan: fenti ana sake shi a yini biyu, labule a awa ɗaya, tayil kuwa sai da guduma da ƙura da kwashe kaya. Saboda haka daɓe ya ɗauki launi mai sanyi, ruwan ƙasa, ruwan toka, ruwan madara. Launin nan da ya sace maka zuciya a tafiya ka ba shi ƙaramin wuri: bangon da ke bayan wurin wanke-wanke, fuskar matakala, layi ɗaya a banɗaki, ko tsakiyar mashiga.

Kafin ka biya kuɗi, karɓo samfuri ka kai ɗakin da za a sa shi. Na daɓe ka kwantar da shi a ƙasa, na bango ka jingina shi a tsaye, domin haske ba ya faɗa musu iri ɗaya. Bar shi kwana uku kana dubawa safe da yamma da dare. Ƙwan lantarki mai lamba 2700K haskensa ja-ja ne, yana kashe shuɗi ya raya ruwan ƙasa. Mai 6500K fari ne fat, yana sa ruwan madara ya zama kamar datti. Zuba masa ruwa ka taka da ƙafa ba takalmi. Ka kuma tuna cewa launi yana ƙara ƙarfi idan ya yi faɗi, abin da ya yi daidai a tafin hannu yakan yi ihu a bango guda, don haka in kana shakka tsakanin biyu, ɗauki mai laushin.

Wane irin kaya

Tayil na yumɓu na gama-gari yana shan ruwa, yana da sauƙin yanka, ya dace da bango. Na fosilin an gasa shi da wuta mai tsanani, ruwan da yake sha bai wuce kashi 0.5 cikin ɗari ba, shi ya sa ya fi jure takawa da danshi. A jikin kwali za ka iya ganin lambar PEI, wadda ke nuna jure gogayya: 3 ta ishi ɗakin gida, 4 da 5 na wurin da jama'a ke yawa ne. Lambar R kuma ta hana santsi ce, daga R9 zuwa R13, mafi girman lamba shi ya fi riƙe ƙafa. Banɗaki da baranda kada su gaza R10, in an samu R11 ya fi.

Dutse dangi biyu ne. Marmara da dutsen farar ƙasa da tarabatin, irin wanda aka haƙo a garin Tiboli na Italiya aka gina dandalin Kolosiyam na Rum da shi, duk tsami yana cin su. Ɗigon ruwan tsami ko maganin wanke masai mai asid zai bar tabo a dushe da soso ba ya fitarwa. Giranit ya fi su tauri da haƙuri. In wurin girki ne ko mashiga, giranit ko fosilin.

Lissafi kuwa mai sauƙi ne. Ɗaki mai mita 4 da mita 5 murabba'in mita 20 ne. Ƙara kashi 10 cikin ɗari don yanka da fashewa, ya zama 22. Tayil mai santimita 60 da 60 yana rufe murabba'in mita 0.36, ke nan kana buƙatar guda 62. In za a jera shi a karkace, ƙarin ya zama kashi 15. Duba kowane kwali ka tabbatar lambar rukunin da aka gasa tare da kuma lambar launi ɗaya ce. Tayil iri ɗaya daga kamfani ɗaya, in ba tare aka gasa su ba, sukan bambanta a launi har ma da girma, kuma ba a ganin bambancin sai an shimfiɗa.

Abin da ke ƙasa

Yawancin tayil da ke fashewa ko ɗagowa ba laifin tayil ba ne, laifin abin da ke ƙarƙashinsa ne. Sabon kankare yana ci gaba da tsukewa yana bushewa, a ba shi aƙalla kwana 28, mako shida ya fi. Daɓen siminti da yashi da aka zuba a kansa ya samu kamar mako uku. Gaggawa a nan ita ce ke haifar da nawa.

Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe mai tsawon mita 2 a ƙasa ta kowace fuska. In ka ga rata da ta wuce milimita 3 a ƙarƙashinsa, a cike kwarin, a sassaƙe tudun. Kada ka ce gam zai gyara, ba aikinsa ba ne. Share ƙura, kankare fenti da maiƙo da busasshen siminti. A banɗaki a shafa maganin hana ruwa shiga sau biyu, ya hau bango, a kula da kwanoni da bakin bututu, kuma ƙasa ta gangara zuwa magudana da kimanin santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. Tayil da abin cike tsagarsa ba sa hana ruwa wucewa, abin da ke bayansu ne ke hanawa.

Jan layi

Kada ka fara daga jikin bango, domin da wuya ka samu bangon da ya miƙe sak. Nemo tsakiyar ɗakin, ja layi biyu da suka gitta juna. Don tabbatar da kwanar ta yi daidai, auna santimita 90 a layi ɗaya, 120 a ɗayan, tazarar da ke tsakanin alamun biyu ta zama 150 cif. In ba ta yi ba, gyara layin.

Jera tayil a bushe, ba gam, daga tsakiya zuwa bango tare da 'yan robobin tazara. In ka ga abin da zai rage a jikin bango bai kai rabin tayil ba, matsar da layin da rabin tayil. Siririn yanki a bakin ƙofa shi ido ke fara gani. Tsaya a ƙofar ka duba, cikakkun tayil su kasance inda ake kallo, yankakku su ɓuya ƙarƙashin kujeru da bayan ƙyaure. Buɗe kwali uku ko huɗu ka riƙa ɗauka daga kowanne, don ɗan bambancin launi ya watsu maimakon ya taru wuri ɗaya. Dogon tayil mai kama da katako kada a jera shi rabi da rabi kamar bulo. Irinsa yakan ɗan yi doro a tsakiya, sai bakin wani ya haɗu da doron wani ƙafa ta riƙa tuntuɓe. A goce da kashi ɗaya cikin uku kawai.

A bango kuma, kafa miƙaƙƙen katako a tsayin layi na biyu, ka tabbatar da shi da ma'aunin nan mai kumfa, ka hau daga nan. Layin ƙasa shi ne na ƙarshe.

Kwaɓi da shimfiɗa

Tsohuwar hanya ta siminti da yashi tana aiki da tayil na yumɓu mai shan ruwa, shi ya sa ake jiƙa shi kafin a sa. Fosilin ba ya shan ruwa, siminti zalla ba ya kama shi da kyau, yana buƙatar gam ɗin tayil na buhu, mai lamba C2 in an samu. Wanda zai yi aiki da gam kuma ba ya jiƙa tayil.

Ruwa ake fara zubawa a bokiti, sannan gari, gwargwadon abin da aka rubuta a buhu. Kwaɓa, bar shi ya huta minti biyar zuwa goma, sake juyawa. Daga nan kada a ƙara ruwa ko da ya fara ƙarfi, a zubar a kwaɓa sabo. Kada ka kwaɓa fiye da abin da za ka ƙarar.

Da cokalin magina mai haƙora a gefe ake aikin. Shafa gam da gefen cokalin da ba haƙora, ka danna shi ya kama ƙasa, sannan ka tsefe shi da gefen haƙoran, cokalin a jingine kamar rabin tsaye. Ƙaramin tayil na bango haƙori mai milimita 6 ya ishe shi, babba na daɓe 10 zuwa 12. Layukan su miƙe fuska ɗaya, ban da kewaye-kewaye, domin miƙaƙƙen layi ne ke barin iska ta fita idan an danna. Shafa iya abin da za ka rufe cikin minti 15 zuwa 20. Taɓa da yatsa, in bai manne ba ya yi fata, kankare shi.

Ɗora tayil, danna, ɗan tura shi gaba da baya a gicciye da layukan don su kwanta, sannan ka bubbuga da gudumar roba. Babban tayil da kowane irin dutse a ƙara shafa musu gam siriri a baya. Lokaci-lokaci ɗago guda ka duba bayansa: a busasshen wuri gam ya rufe aƙalla kashi 80 cikin ɗari, a banɗaki da waje da ƙarƙashin dutse kashi 95.

Nan ne nake yawan faɗa da masu aiki. Akwai masu ɗiga gam dunƙule biyar, huɗu a kwanoni ɗaya a tsakiya, su manna. Yana da sauri, yana rage gam, a ranar kuma ba wanda zai gane. Na taɓa biyan irin wannan aiki a wani ɗaki, ƙafar kujera ce ta fara huda kwanar tayil guda, da muka ɗaga sai ga rami a ƙasa. In kai ne mai gida, bayan ya bushe bi shi da bayan makulli kana ƙwanƙwasawa. Wanda ya yi ƙarar ganga, babu komai a ƙarƙashinsa.

Bar tazarar milimita 2 zuwa 3 aƙalla tsakanin tayil, ko da an ce maka bakinsa a yanke yake sak. Bar kamar milimita 6 a jikin bango, abin da za a kewaye gindin bangon da shi zai rufe. Tayil yana buɗewa da zafi ya tsuke da sanyi, in bai samu wurin motsi ba sai wata rana ka ji ƙara, ka tarar tsakiyar ɗaki ya ɗago kamar tanti. A babban fili a bar tsagar motsi duk bayan mita 6 zuwa 7, inda rana ke duka kuma duk bayan mita 3 ko kusa da haka, a cike ta da silikon, abin liƙi mai laushi kamar roba, maimakon siminti. Gam ɗin da ya taso cikin tsaga a ƙwaƙule shi tun yana ɗanye.

Wajen yanka, injin da ke zuba ruwa ya fi. Ƙurar tayil da dutse tana ɗauke da silika, wadda ke taruwa a huhu ta jawo cutar da ba ta warkewa. In dole sai a bushe za a yanka, a yi a fili, da takunkumi na ƙwarai, ba ƙyalle ba, da tabarau. Ɗanyen siminti kuma yana cin fata, a sa safar hannu.

Dutse yana da nasa hali

Babu guda biyu da suke iri ɗaya, kuma abin da ake saye ke nan. Baje su duka a ƙasa kafin a taɓa gam, ka jujjuya su har jijiyoyin su bi juna yadda ido ke so, ka sa wa kowanne lamba a baya. Ware masu kauri ka fara da su, domin siriri ana iya ɗaga shi da ƙarin gam, mai kauri kuwa ba a iya nutsar da shi.

Farin marmara da duk dutse mai haske farin gam ake sa musu. Mai ruwan toka yana nasowa ta cikin dutsen ya bar duhu-duhu. Koren marmara yakan lanƙwashe in ya sha ruwan kwaɓi, shi sai gam ɗin efoksi, wanda ba a kwaɓa shi da ruwa. Kafin a cike tsaga, a shafa wa dutse maganin toshe ƙofofinsa, in ba haka ba launin abin cikewar zai shige shi ya zauna. Gwajin ba wuya: ɗiga ruwa a kai ka jira 'yan mintoci. In wurin ya yi duhu, dutsen yana sha, yana buƙatar magani. In ruwan ya tsaya dunƙule, ya wadatu.

Cike tsaga

Jira awa 24 ba a taka ba, sannan a cire robobin. Launin abin cikewa shi ma zaɓi ne. Wanda ya yi kama da tayil yana sa daɓe ya zama kamar shimfiɗa ɗaya, wanda ya saɓa yana fito da kowane layi, tare da kowane kuskure. Fari a daɓe ba ya daɗewa yana fari. Gwada a ɗan lungu ka bari ya bushe, domin busasshe ya fi ɗanye haske.

Tura shi cikin tsaga da faifan roba a karkace, ka cika har ƙasa. Bayan minti 15 zuwa 30, in ya fara kamewa, goge da soso da aka matse sosai, shi ma a karkace, kana sauya ruwa akai-akai. Ruwa mai yawa yana wanke launin ya raunana simintin. Kwanar da bango ya haɗu da bango, ko bango da daɓe, silikon ake sawa. Washegari za ka ga wani farin hazo a fuskar tayil, busasshen ƙyalle yana ɗauke shi. A kan marmara kada a kusanto da asid ko kaɗan, ruwa da sabulu marar ƙarfi kawai. Kayan nauyi su jira kwana uku, banɗaki ma haka kafin a sakar masa ruwa.

Ragowar tayil kada a bayar. Ajiye kwali guda a busasshen wuri, a tsaye kan gefensu, ka ɗauki hoton lambar da ke jiki, ka haɗa da ɗan ragowar garin cike tsagar a leda da aka ɗaure.